Daddawar Mai Tafiya Masar

Ina yarinya na ji wata tsohuwa da mai daddawa a kasuwar Gusau.

"Cika mini kwandon nan."

"Duka, Inna? Biki za a yi?"

"Ina biki! Ɗana Uwaisu zai bi ayarin mahajjata, za shi Masar karatu."

"Ikon Allah! Malaman Zamfara sun ƙare ne?"

"Oho. An dai ce can ba su san daddawa ba."

Sai mai daddawa ta kwashe rabi.

"Ke, lafiya?"

"Inna, yayana ma can ya nufa. Na cika masa kwando, har yau shiru. Ba shi kaɗan, kwaɗayin miya ya koro miki shi gida."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon kwandon.

"Ƙara ragewa, ɗiyata."