Waƙar da Muka Ɗaga wa Murya a Kan Teku

'Yan'uwana, salamar Yesu Kristi ta zauna tare da ku duka a falon nan. Sunana Saratu, nas ce ni, matar marigayi Ishaku. Na daɗe ina zama a wancan lungu ba na buɗe baki. Yau na roƙi a ba ni ɗan lokaci.

Kun san yadda muke sujada a Jidda. Mu shigo biyu-biyu, mu sauke labule, mu kunna iyakwandishan don ƙararsa ta rufe mu, mu yi waƙa ƙasa-ƙasa, ba ganga, ba tafi. Ban taɓa ganin laifin haka ba. Baƙi ne mu.

Ishaku ya faɗi a wurin aikinsa a Tashar Jiragen Ruwa. Zuciya ce. Aka kai gawarsa gida, ni kuwa takardar fitata ba ta fito daga hannun kafili, wato ubangidan aikina, ba sai bayan an rufe shi. A ƙauyensu kwana uku aka yi ana waƙa a ƙofar gida. Ni ina nan unguwar Safa, a bene hawa na uku, kuka zo mini biyu-biyu, muka yi waƙar makoki kamar masu raɗa. Kukan ma a cikin matashin kai na yi shi. Bayan mako biyu ya ƙafe, kuma komai ya ƙafe tare da shi.

Zan faɗi gaskiya. Na fara shan ƙwayar barci. Aikina ya sa na san wadda ke kashe tunani. Daga ɗaya ta koma uku. 'Yata Rahila, 'yar shekara tara, ita ke dafa wa ƙanenta Dauda shayi, ita ke ɗaure masa takalmi. Ina ganinsu kamar ta bayan gilashi.

Da wan mijina ya rubuto cewa a kawo yaran gidan ubansu, ban yi gardama ba. Na ce to. Saura mako biyu su tafi.

Sai ga Baba Idi a ƙofa. Dattijo ne Musulmi, Bahaushen Sudan, mai ƙaramin jirgin kamun kifi, abokin Ishaku. Bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya ce, "Maman Rahila, mijinki ya yi wa yaran nan alkawari, a jirgina zai kai su su ga abu salama. Shi ya tafi, ni ina nan, jirgin ma yana nan. Jumma'a da safe."

Abu salama shi ne sunan da masunta a nan suke kiran dolfin, babban kifin nan mai tsalle. Na so in ce a'a. Amma Dauda ya riga ya ji.

"Yalla, Mama, mu je!" in ji shi. Na je ne kawai don in sauke nauyi.

Muka yi nisa har benayen Jidda suka koma ƙanana. Baba Idi ya kashe inji, ya ɗauki sanda yana ƙwanƙwasa jikin jirgi, ya ce wani lokaci haka ke jawo su. Muka jira. Rana ta yi zafi, abayata ta manne a jiki. Babu komai sai ruwa.

Dauda ya tura baki. "Kaka, sun tafi masallaci ne?"

"Da sauran lokaci kafin huɗuba, ɗan nema," in ji Baba Idi. "Babanku dai waƙa yake yi musu."

Rahila ta dube ni. Sai ta sunkuyar da kai, ta fara waƙar da ubanta ya fi so, a hankali, da ƙyar leɓenta ke motsi. Dauda ya bi ta, yana waige-waige.

Baba Idi ya kara hannu a kunne. "Wannan waƙa ce ko gulma?"

"Haka ake yin waƙar Yesu, Kaka," in ji Rahila.

"Wa ya gaya miki? Babanki idan mun fito nan, ni ina baya da carbina, shi yana gaba yana tsaga sama. Murya kamar tsohon inji. Har roƙonsa nake ya tausaya wa kifi." Ya yi dariya, ya goge ido da gefen rawaninsa. "Nan babu bango, babu maƙwabci, jikata. Daga mu sai Allah."

Ban san Ishaku yana haka ba. Ina zaton kifi yake zuwa kamawa.

Rahila ta juyo gare ni. "Mama, ashe ana yin ta da ƙarfi?"

'Yan'uwa, yaran nan a Jidda aka haife su. Tun da suka buɗe ido ba su taɓa jin an ɗaga murya a waƙar Ubangiji ba. Suna tsammani haka aka halicce ta, da raɗa. Kuma ga shi zan tura su wata ƙasa ba su taɓa jin muryar uwarsu ba.

Na yi addu'a, gajeriya ce ƙwarai. Na ce, "Yesu, ban binne mijina ba. Ka taimake ni in binne shi."

Na buɗe baki. Baitin farko ya fito a karye. A na biyu muryar ta zama tawa, irin ta zumuntar mata a gida, wadda ake ji daga hayin rafi. A na uku ba waƙa ba ce kuma. Na kira sunan Ishaku. Na yi kukan da ake yi a ƙofar gida, wanda ban samu yi ba. Baba Idi ya juya mana baya yana gyara igiyar da ba ta lalace ba. Rahila ta rungume ni ta baya, tana ihun waƙar ba bisa ƙa'ida ba, daidai irin na ubanta.

Da na yi shiru, Baba Idi ya ce, "Halas, ya isa, 'yata. Mu koma." Ya tada inji.

A nan abu salama suka zo. Biyu da farko, sai shida, bayansu na sheƙi, suna tsere a gaban jirgi. Ɗaya ya yi tsalle ya watsa wa Dauda ruwa a fuska.

"Mama, waƙarki ce ta kira su!"

"Inji ne," in ji Baba Idi. "Suna son igiyar ruwan da yake tayarwa. Amma kada ka gaya wa kowa."

Ni ba zan ce waƙata ce ba. Abin da na sani, Dauda ya leƙa da yawa, na cafke rigarsa, na jawo shi jikina. Na ji zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna. Rabon da in riƙe shi haka tun ubansa yana da rai. Ban sake shi ba har gaɓa.

Ƙwayar ba ta rabu da ni rana ɗaya ba. Na gaya wa likita gaskiya, muka riƙa ragewa. Yau wata biyar ban sha ba. Na kira wan mijina na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, yaran za su zauna. Hutu na zuwa, ni zan kawo su, ka nuna mana kabari." Ya ce, "Yau na ji muryarki, Saratu. Ku zo."

Har yanzu ina kewarsa. Amma ni ke dafa shayi yanzu.

Na gode wa Ubangiji da ya aiko mini taimako ta hannun wanda ban zata ba. Idan akwai mai haɗiye kuka a cikinku, kada ka ɗauka Yesu bai ji ba. Ka dogara gare shi, ya san inda zai kai ka ka sauke.

Yanzu zan ce Halleluya ƙasa-ƙasa, kamar yadda muka saba. Rahila tana can tana murmushi, don ta san yadda ake yin ta da ƙarfi. Amin.