Babin da Malama Ta Sauya

Mai girma shugaban taro, Fastonmu da uwargidansa, dattawan ikilisiya, Baba maigidan marigayiya, 'ya'yanta da jikokinta, 'yan'uwa maza da mata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ni tela ce, ban saba tsayawa gaban jama'a ba. Matan ajin karatu ne suka turo ni, wai bakina ya fi almakashina kaifi. Yau kam bakin ya yi nauyi, sai ku yi haƙuri da ni.

Malama ta kasance mai koyarwa shekara talatin da biyu, rabin mutanen da ke zaune a nan ita ta kama musu hannu suka rubuta harafin farko. Ta kasance mai isa wurin mara lafiya tun kafin danginsa su ji labari. Ta kasance mace da ritaya ta kasa zaunar da ita. Shi ya sa ta tara mu, mu goma sha ɗaya da karatunmu bai yi nisa ba, a ɗakin ajiye kujeru na bayan coci. Duk Alhamis sai ta ɗora tabarau, ta buɗe littafin labari na Kirista da aka rubuta da Turanci, tana bin layi da yatsa tana juya mana shi da Hausa.

Bana littafi biyar muka gama. A cikinmu, mai sayar da kifi ta fi son na likitar da ta bar birni ta koma asibitin ƙauye. Ungozoma har gobe tana jin haushin attajirin da bai tuba ba sai a shafin ƙarshe, ta ce ya sha da arha. Nawa shi ne na huɗu, labarin wata uwa da ta kori ɗanta, ta rantse ba zai sake taka mata gida ba.

Ba sai na ɓoye muku ba. Shekara shida na yi ba na magana da ɗana na fari, tun da ya sayar da keken ɗinkin da mahaifinsa ya bar mini. Sau uku Malama ta tare ni da maganar, sau uku na ce ta fita harkata.

Ranar babin ƙarshe, ta karanta mana cewa uwar ta tashi da ƙafarta ta nemo yaron, ta same shi yana dako a tasha, ta kira shi da sunan da take kiransa yana ƙarami. Na fita ko jakata ban ɗauka ba. A bakin titi na karɓi lambar wayar ɗana wurin ƙanwarsa, na kira shi.

Bayan an yi jana'iza, babbar 'yar Malama ta zo shagona da littafin, ta karanta mini babin kamar yadda aka rubuta shi. Uwar ba ta je ko'ina ba. Ta mutu da fushinta, yaron ya iso an riga an binne ta. 'Yar ta ce mahaifiyarta ta bar mini saƙo tana gadon asibiti: "Ki gaya wa tela na sauya mata ƙarshen. Na ɗaga kai na ga fuskarta, na kasa karanta abin da ke rubuce. Ta yafe mini."

Kwana biyu ina jin zafin abin, don Malama ba ta taɓa yi mana ƙarya ba, kuma na san ya dame ta har ƙarshe. Amma ku dubi layin kujeru na uku. Wancan mai farar riga ɗana ne, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarta.

Baba, mun san Alhamis ɗin da ka yi ta jiran abinci saboda mu, mun gode. 'Ya'yan Malama, kada ku kulle littattafan nan a akwati. Ungozoma ta ce za ta ci gaba da karanta mana, ko da tana tuntuɓe.

Mun gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Ya Ubangiji, ka ta'azantar da gidan nan, ka karɓi baiwarka cikin hutunka. Ni na yafe mata, Uba, kai ma kada ka riƙe ta da wannan babin. Cikin sunan Yesu, amin.