Ya Wanke Shaidar

Da mutumin ya yi shawara kafin ya taɓa tiyon nan, da bai shiga uku ba. A bencin ƙofar kotu ya nuna wa wata tsohuwa.

"Na birkin motar ɗana ne, Inna. Mutum ya buge. Injiniyan masu ƙara ya ce ganganci ne, namu ya ce birki ne ya tsinke."

"Duka sun rantse?"

"Duka."

"To, alƙalin makanike ne?"

"Shi ya sa na kawo ya gani. Har da fetur na wanke shi."

"Ka wanke? Ɗan nan, ba dattin suke dubawa ba?"

Har aka kira su, bai san ko ceton ɗansa ya yi ko ɗaure shi ba.