Takalmin da Aka Bari Bakin Tafki

A tashar Madarumfa, Ɗelu mai lambun albasa tana jiran motar Maraɗi, sai ta lura da hular mutumin da ke gefenta, mai tambarin masu gadin tafki.

"Malam, kai ma cikin masu gadin tafki kyauta kake? Sannunku da shan inuwa."

"Inuwa, baiwar Allah? Jiya na kori wata tana ɗauraye bido, jarkar maganin ƙwari, cikin ruwa. Kifi na mutuwa, ita ko a jikinta. Ta ruga har ta yar da takalmi."

"Sabo ne kuwa."

"Wa ya gaya miki sabo ne?"

Ɗelu ta murtuke fuska. "To babur ɗin wa na gani cikin ruwan, duk kumfar sabulu?"

"Hajiya, rage murya. Shugabanmu ne can zaune."