Shuɗin da Rana Ta Cinye

"Ku ne kuka ɓatar min da miji karo na biyu!"

Tsohuwar ta dangwarar da takardar cigiya a kan kantar shagon buga takardu, ta ɗora ƙyallen yadi a kai.

"Iya, a hankali," in ji mai jiran kanta. "Ni ko sanin ki ban yi ba."

"Yau za ka san ni. Mijina tsufa ya ruɗa shi, ya fita bai dawo ba. Hotonsa ba kala, shi ya sa na kawo ƙyallen rigar jikinsa. Kuka buɗe min littafin nan naku na kaloli, na gwada, na nuna wadda ta dace. Dubi abin da kuka buga!"

Ƙyallen shuɗi ne mai haske. Rigar da ke takardar kuwa ta kusa zama baƙa.

"Lambar kalar da kika nuna inji ya bi, Iya."

"Ni ina na san lamba? Idona na sani! Mai gadin tasha ya gan shi zaune, ya dubi takardarku, ya ce ba rigar ba ce, ya bar shi ya wuce."

Mutumin ya sosa ƙeya. "Ai wancan littafin rana ta cinye shi a bakin taga. Sabon kuma na manyan kwastomomi ne..."

Ya kama bakinsa, amma magana zarar bunu ce.

Ta jawo benci ta tare ƙofa.

"Au, ashe kun sani! To kira min wanda ya sa ni cikin ƙanana. Ya fito ya gaya min inda mijina yake."