Gaisuwar da ta ƙone kicin ɗin bariki

Assalamu alaikum mai karanta mana wasiƙu, barka da aiki. Daga Yalwawa ta Dutse nake rubuto maka, da wani tsohon ciwo da ya taso mini.

Ƙarshen mulkin Turawa, ina saurayi, na shiga koyon aikin karɓar baƙi a barikin Garki. Sarkin bariki, Malam Ɗanjuma, shi ya koya mini magana. Ya ce kada in kuskura in gaya wa babba mugun labari sai na gama gaisuwa tsaf.

Wata rana da hantsi wuta ta kama jinkar kicin, Malam Ɗanjuma ya ce in ruga in sanar da Di'o, Baturen mulki. Na je na durƙusa, na tambaye shi gajiya, na tambaye shi iyali. Di'on yana jin Hausa, ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Kafin in kai ga zancen wuta, kicin ya zama toka.

Malam Ɗanjuma ya rantse a gabana bai taɓa koya mini haka ba. Aka kore ni, ya sa ƙanin matarsa a gurbina. Ban yafe ba.

Yanzu ni ke koyar da sababbin ma'aikatan masaukin baƙi. Jiya aka kawo mini jikan Malam Ɗanjuma, wai in koya masa yadda ake magana da baƙi.

Masu sauraro, ku ba ni shawara kafin Asabar, ranar da zai fara. In ban ji daga gare ku ba, da darasin kakansa zan fara masa, kuma ba zan rage ko "ina gajiya" ba.