Layin 'Yan Adawa

A tashar bas ta Thamesmead da ke Landan, ana gobe zaɓen Birtaniya na 1992, Uwaisu ya gaida wata dattijuwa 'yar Gana da ya ji tana Hausa. Zance ya gangaro kan ƙuri'a.

"Jam'iyya ta ukun nan za ka ba," in ji ta. "Manyan biyun bakinsu ɗaya a kan baƙi."

"Hajiya, asarar ƙuri'a ce. Ni masu mulki zan ba."

"Su da suka ƙaƙaba mana biza? Ɗana, lafiyarka?"

Ya sassauta murya. "Matata tana Kano, sau biyu ana hana ta biza. In aka gan ni a layin 'yan adawa fa?"

"Wane layi?"

"Ba bayan hoton ɗan takara ake jeruwa a ƙirga mutane ba? Haka aka yi a gida bara."

Ta kwashe da dariya. "Nan a ɓoye ake yi. Ba mai ganinka."

"Kin taɓa yi?"

Dariyar ta ɗauke. "Ni? In kai wa hukuma sunana da adireshina don rajistar zaɓe? Allah ya kiyaye."

Uwaisu ya jinjina kai. "To, Hajiya, masu mulkin dai zan ba."